Filin Amsoshin Masu Karatu: Aiko da mota daga ƙetare, kuɗin kwastan, gudu da inshora

Yawancin wasiƙun da suka iso mana nan Gombe a wannan karon daga 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje suke, ko kuma daga iyalansu na gida, kuma kusan dukansu a kan mota suke magana. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan unguwar Jekadafari ne, ina aikin jinya a birnin Bamingam na Ingila. Ina da mota ƙirar Toyota Avensis wadda nake hawa, lafiyarta ƙalau, kuma na fi son in aika wa Baba ita maimakon in karyar da ita a nan. Wani abokina ya ce idan ta sauka Legas akwai masu mayar da sitiyari hagu. Mece ce shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifi, amma kada ka aiko da wannan motar. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ko hawa titi da ita. Hanin yana da dalili. Idan Baba yana bayan tirela a hanyar Kumo zuwa Kaltungo yana son ya wuce ta, mazauninsa yana gefen daji ne, don haka ba zai hango abin da ke tahowa ba sai ya riga ya fitar da rabin motar zuwa hannun wasu.

Mayar da sitiyarin kuma ba ƙaramin aiki ba ne kamar yadda abokinka ya ɗauka. Sai an huda ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, an sauya akwatin sitiyari, an ɗauke fedar birki da totur, an tsinka wayoyi an sake haɗawa, kuma sau da yawa jakar iskar da ke kare direba a lokacin haɗari ba ta sake aiki, sai dai a kashe fitilar gargaɗinta don kada mai saye ya gani. Hatta fitilun gaba an ƙera su ne su ɗaga haske zuwa hagu, wato a titinmu idon mai tahowa za su riƙa dallarewa. Ka sayar da ita a can, ka ƙara abin da ya sawwaƙa, ka nemi mai sitiyari a hagu daga Beljiyam ko Jamus, ko ka sa a saya wa Baba a Kano ko Kaduna bayan bakanikensa ya duba. Wannan amsa ta shafi mazauna Japan da Malesiya da Indiya da Afirka ta Kudu. Mazauna Dubai ma su lura, domin ko da yake ƙasar tana tuƙi irin namu, kasuwanninta suna sayar da motocin Japan waɗanda aka juya wa sitiyari.

TAMBAYA: Malam, ina zaune a Hustan ta jihar Tekzas a Amurka, iyalina kuma suna Fadaman Mada a Bauchi. Ina ganin motoci a gwanjon Copart da IAA da arha ƙwarai, har na ga Toyota Highlander da kuɗin da bai kai rabin yadda ake sayar da ita a gida ba. Idan na saya na aiko, ba zan fi samun sauƙi ba?

AMSA: Alhaji, za ka iya samun sauƙi, kuma yawancin motocin tokumbo da ka gani jere a bakin titunan Bauchi ta wannan hanyar suka zo. Sai dai farashin da kake gani a allon wayarka somin-taɓi ne, kuma arhar tana da musabbabi.

Mafi yawan motocin da ke waɗannan wuraren gwanjo kamfanonin inshora ne suka kai su bayan sun biya masu su, saboda sun lissafa sun ga gyaran bai cancanci kuɗinsa ba. Wata karo ta yi, wata sace ta aka yi aka gano ta daga baya, wata kuma ruwa ne ya shanye ta. Wadda ta bugu a bamba ko a ƙofa ba ta da wata matsala, domin masu gyaran jikin mota na ƙasar nan gwanaye ne kuma ladansu bai kai na Amurka ba. Wadda cesis ɗinta ya lanƙwashe, da wadda ambaliya ta ci, su ne abin gudu, kuma kai da kake Tekzas ka san yadda guguwa ke nutsar da motoci a can da Fulorida da Luwiziyana. Motar ruwa takan tashi lafiya a ranar gwanjo, sai bayan watanni wayoyinta su fara tsatsa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, rewaya ya yi ta canje-canje ba tare da ya kama bakin zaren ba. Idan za ka iya zuwa filin da kanka, ka ɗaga shimfiɗar ƙasan kujera ka nemi busasshen taɓo, ka duba ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa. Motocin jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar Mishigan da Niyok, da kuma na Kanada, sai an leƙa ƙarƙashinsu saboda tsatsa. Kowace mota tana da lambar cesis mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita za ka sayi tarihin motar a Carfax ko AutoCheck kafin ka taya.

Bayan ka ci gwanjon akwai la'adar masu gwanjo, da ta dillali idan ta hannunsa ka bi, da kuɗin ɗauko motar zuwa tashar jirgin ruwa. Kwastan na Amurka suna buƙatar a gabatar musu da ainihin takardar mallakar motar aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, kuma idan akwai bashin banki a kanta sai da rubutaccen izinin mai bashin. Motar da ke tafiya da ƙafarta akan tuƙa ta cikin jirgin dakon motoci, wanda ya fi arha, amma ba a yarda a cika ta da kaya ba. Wadda ba ta tashi, ko wadda kake son haɗawa da kayan gida, kwantena ta fi dacewa da ita.

Babban lissafin yana Legas. Tun 2022 hukumar kwastan take amfani da lambar cesis wajen yanke wa mota ƙima, saboda haka ba ruwanta da cewa ka same ta da arha a gwanjo. Shekarar ƙira da samfurin motar ake dubawa. A shekarar ta 2022 aka sa kuɗin fito kashi 20 cikin ɗari a kan motocin hawa na hannu, da wani haraji na kashi 15, sannan ga harajin kayayyaki na kashi 7.5 wanda ake ɗorawa a kan jimillar, ga wasu ƙananan caje-caje. A bisa wannan ma'auni, motar da kwastan suka yi wa ƙimar naira miliyan 10 za ta ci abin da ya doshi miliyan 5 kafin a yi maganar kuɗin tasha, da na kamfanin jirgi, da ladan ejan mai fitar da ita daga tasha. Gwamnati takan sauya waɗannan kaso-kaso, don haka ka sa ejan mai lasisi ya rubuto maka lissafin da ake aiki da shi a makon da za ka saya. Ka kuma tuna da dala ake yanke ƙimar sannan a mayar da ita naira a farashin ranar. Kafin watan Yunin 2023 dalar gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500, kuma mutane da yawa da suka yi lissafi motarsu tana kan teku sun tarar da wani lissafin daban da ta sauka. Jerin kayan da aka hana shigowa da su ya haɗa da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, a da shekara 15 ne. Ka tanadi kuɗin fitarwa tun jirgi bai iso ba, domin bayan 'yan kwanakin rangwame kowace rana tana da kuɗin ajiya.

Za a sami wanda zai ce maka a sauke ta a Kwatano a shigo da ita ta daji, ko kuma ejan ya ce zai biya abin da bai kai ba ya raba ribar da kai. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu tun 1 ga Janairu, 2017, kuma hedkwatar shiyyar kwastan ta wannan yankin namu, tare da rundunarta ta sintiri, a garin Bauchi take, wato a ƙofar gidan iyalinka. Motar da takardunta ba su cika ba ana iya tare ta a hanyar Jos ko ta Ningi ko da ta shekara uku a hannunku, kuma a ranar ejan ɗin ba zai ɗaga waya ba. Ka karɓi takardar bayanin kaya, da ta ƙimar da aka yanke, da rasit ɗin banki, da takardar fita daga tasha, ka sa a kai su ofishin kwastan a tantance. Daga Legas zuwa Bauchi kuma tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, kuma a ganina gara a ɗoro ta a kan motar dako da a damƙa wa direban da ba ka sani ba motar da ba ta da lamba balle inshora. Idan ka tara duk wannan ka ga ratar da ke tsakaninsa da farashin dillalan gida ba ta taka kara ta karya ba, ka saya a gida, inda bakanike zai ɗaga motar ya gani da idonsa.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce, ina sana'a a Jidda, 'ya'yana suna Tumfure. Babban ɗana ya gama jami'a, na yi masa alkawarin mota, shi kuma ya kafe sai Dodge Charger ko Marsandi irin ta AMG, wai su ne masu wuta. Hankalina bai kwanta ba, amma ba na son in saɓa alkawari.

AMSA: Hajiya, rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Alkawarin mota kika yi, ba na wannan samfurin ba, kuma ina ganin ki cika shi da wata motar daban.

Manyan motocin Jamus irin Marsandin da yake nufi yawanci an ƙayyade musu gudun kilomita 250 a awa, kuma an yi su ne domin tituna masu faɗi da shinge, waɗanda ba a shiga da dabba ko a tsallaka da ƙafa. Dokar hanya a nan ta ba motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman. Hanyar Gombe zuwa Bauchi, mai kimanin kilomita 150, falle ɗaya ce da ake gaba da gaba a kanta, ga tireloli, ga garken shanu masu tsallakawa, ga cunkoson ranar kasuwa a Alkaleri, ga ramin da bara babu shi amma damina ta haƙa. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, mai gudun 160 kuwa mita 44, kuma nisan da birki ke buƙata kafin ta tsaya ya ninka na farkon fiye da sau biyu da rabi. Akwai wani tarkon da matasa ba su cika lura da shi ba: malejin motocin Amurka da mil yake ƙirga, don haka idan allura ta nuna 100 a manyan alƙaluma, yaron yana kan kilomita 160 ne, shi kuwa a ransa yana cikin ƙa'ida.

Ko da an ajiye maganar rai a gefe, riƙon irin wannan mota a Gombe wahala ne. Injinanta masu ƙarfi an tsara su ne a kan fetur mai daraja ta sama, gidajen manmu kuwa kala ɗaya suke sayarwa. Cikinta a ƙasa yake, kowane tudun rage gudu sai ya kankare ta, tayoyinta sirara ne waɗanda rami ɗaya ke fasawa har ya lanƙwasa rim. Ba kowane gareji ke da kwamfutar da za ta karanta ciwonta ba, kuma ƙaramin abu idan ya lalace sai an jira shi daga Legas ko daga waje, alhali kayan Corolla da Camry da Accord ko'ina aka shiga za a samu. Tayar mota mai gudu ma tana da nata sharaɗin, domin akwai harafi a jikinta da ke nuna iyakar gudun da za ta jure, H na 210, V na 240, da alƙaluma huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, amma matashin da kuɗi suka yanke masa tayar gwanjo zai saya ya hau da ita kwalta mai zafin watan Afrilu.

Kada kuma ki manta da wasan mota da samari ke yi a bukukuwan aure da hawan salla. Wanda yake da irin wannan motar shi ake kira ya nuna bajinta, kuma inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a tsere ko wasa. Ki saya masa mota mai matsakaicin inji, ki tabbatar lasin ɗinsa na gaske ne wanda ya zauna aka gwada shi, ba na aike ba, ki kuma sa kawunsa ko wani babba da yake jin nauyinsa ya zama shi ke riƙe da takardun a shekarar farko.

TAMBAYA: Malam, yayana yana aiki a Ƙatar, ya bar mini motarsa a nan Yalwa ta Bauchi ina kai yaransa makaranta. Kwanan baya na bugi wata mota ta baya, da muka nemi kamfanin da sunansa ke kan takardar inshorarmu sai aka ce ba su san da ita ba. A wajen sabunta takardu aka haɗo mana ita a kan naira dubu uku. Yaya ake gane ta gaske, kuma wace iri ya kamata mu yi?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Farashin kaɗai ya isa ya nuna maka takardar bogi ce. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun 1 ga Janairu, 2023, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Duk wanda ya ba ka ita ƙasa da naira 15,000, takarda kawai ya buga maka. 'Yan sanda sun fara tsaurara binciken wannan inshorar daga 1 ga Fabrairu, 2025, kuma kamfanonin suna da rumbun bayanai na bai-ɗaya mai suna NIID, inda za ka sa lambar motarka a shafinsu na intanet ka ga sunan kamfanin da ranar ƙarewa. Ka yi wannan binciken 'yan kwanaki bayan ka biya, kuma ka biya kai-tsaye ga kamfani ko wakilinsa mai rajista, domin a doka idan kuɗi bai shiga hannun kamfani ba babu kariya.

Wannan inshorar ta dole wanda ka buga take biya, ko motarsa, ko shagonsa, ko jinyarsa. Motar yayanka ko fitila ɗaya ba za ta saya mata ba. Mai son a biya shi idan motarsa ta yi haɗari, ko ta ƙone, ko aka sace ta, sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar motar a shekara, wato miliyan 1 ga motar miliyan 20. Kuɗi ne mai yawa, kuma ga tsohuwar mota ban ga dalilinsa ba, amma ga mutumin da ya tara guminsa na shekaru a ƙasar wani ya zuba a mota ɗaya, kuma wani ne ke tuƙa ta ba shi ba, ina ganin ya cancanta. Sai dai a gaya wa kamfanin gaskiya tun farko: mai motar yana waje, ƙaninsa ne direba, ga lasin ɗinsa. Idan aka rubuta motar gida ce sannan aka riƙa ɗaukar fasinja da ita zuwa Jos da yamma, ranar da abu ya faru kamfanin zai ƙi biya, kuma yana da hujja. A riƙa sabunta ƙimar kowace shekara, domin motar da aka rubuta miliyan 8 kafin faɗuwar naira ba za a biya fiye da miliyan 8 a kanta ba komai tsadar da ta yi. Idan haɗari ya auku a ɗauki hotuna, a sami rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani nan take, kada a kai wa mai gyara kafin wakilinsu ya gani.

Na san da yawa daga cikin mutanenmu suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca. Hukuncin wannan na malamai ne, amma tun 2013 hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke yi wa mota, inda abin da aka biya yake zama gudummawa a asusun taimakon juna, rarar da ta saura kuma a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ka kuma shaida wa yayanka cewa inshorar da yake biya a Ƙatar ba ta aiki a nan, kuma idan zai sake aiko da mota ya yi mata inshorar teku, domin abin da kamfanin jirgi ke biya idan kaya ya lalace ƙayyadadde ne.

TAMBAYA: Malam, ina karatu a Jamus, zan tura kuɗi a saya mini mota a Gombe kafin in dawo. Da sunan wa za a yi takardu?

AMSA: Da sunanka, ɗana, tun daga rasit ɗin dillali da yarjejeniyar ciniki har zuwa rajista da inshora, ko da kuwa mahaifinka ne zai karɓa. Ba zargin kowa ake yi ba. Rai da ajali ne, kuma motar da ke ɗauke da sunan wani takan faɗa cikin rabon gadonsa. Ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun dillalin, a turo maka hoton lambar cesis da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofar direba, ka gwada su da wadda ke kan takardun kwastan harafi bayan harafi. Idan dawowarka ta wuce wata shida, ka dakata da sayen, domin motar da aka ajiye ba a hawa batirinta yakan mutu, tayoyinta su tsage, ɓeraye kuma su cinye mata wayoyi.